Kaɗin ulu a gida: amsoshin tambayoyin da aka fi yi mini

Na tashi na tarar da kakata tana kaɗi. Bayan azahar za ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta jawo taskira, ta dangwali alli da yatsa, mazari ya yi ta juyawa har a kira la'asar. Auduga take kaɗawa, kuma a lokacin ban ɗauki abin a bakin komai ba. Sai da zama ya kai ni arewacin Ingila, na ga manoma suna neman wanda zai raba su da buhunan gashin tumaki, sannan hannuna ya tuna abin da idona ya gani. Tun daga nan 'yan'uwa na gida da na waje suke turo tambayoyi, kusan iri ɗaya kullum, shi ne na tara su wuri guda. Wadda ta san auduga ta riƙe wannan tun yanzu: ulu ya fi auduga sauƙin kaɗi, amma ya fi ta wuyar wanki nesa ba kusa ba.

1. Anti, ulun da muke saya a kasuwa muna saƙa hular jarirai, ba shi ne gashin tunkiya ba?

Mafi yawansa ba shi ba ne, sunan kawai ya ara. Abin da ya cika shagunan kayan saƙa zaren roba ne da ake kira akirilik, daga sinadaran man fetur ake yin sa. In kina son ki tabbatar, yanko ɗan guntu ki ɗora a kan farantin ƙarfe ki kusanta masa ashana. Ulu na gaskiya zai yi ƙauri kamar ana babbakar kan rago ranar Sallah, wutar ta mutu da kanta da zarar kin janye ashanar, ya bar baƙar toka mai murmushewa a yatsa. Na roba narkewa yake yi, ya ci gaba da ci, ya bar ɗan dunƙule mai tauri kamar leda ta ƙone.

A jiki ma ana jin bambancin. Ulu yana iya shan danshi kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba, shi ya sa safar ulu ba ta dama ƙafa da gumi.

2. Zan iya aske tunkiyar gidanmu in kaɗa gashinta?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma amsarta ba ta yi wa mutane daɗi. Tumakinmu, Yankasa da Uda da Balami, gashi gare su ba ulu ba. Gajere ne, miƙaƙƙe, mai santsi, ba shi da 'yar lanƙwasar nan da ke sa silin ulu ya kama ɗan'uwansa. Allah ya yi su ne domin ƙasar zafi. Kina murzawa yana zamewa. Fatar ragon layya ma haka, a bar ta a yi buzu.

A Afirka ta Yamma akwai tumaki masu ulu, amma ba su da yawa. Akwai na Masina a ƙasar Mali, a fadamun kogin Kwara wajen Mopti, waɗanda matan Fulani ke kaɗa ulunsu masaƙa su saƙa manyan barguna. Akwai kuma danginsu da ake kira Kundum a yankin Tillaberi na Nijar, su ma a bakin kogi. Ulun nasu mai kaushi ne, ya fi dacewa da bargo da darduma da jaka a kan abin da zai taɓa wuya. Wasu kan tambayi tumakin Dorper, waɗanda aka samar a Afirka ta Kudu a shekarun 1930. Nasu cakuɗe ne na gashi da gajeren ulu da suke zubarwa da kansu, wahalarsa ta fi ribarsa.

3. To a ina ake samun ɗanyen ulu?

Wadda ke zaune a Birtaniya ta fi kowa sa'a. Ana askin tumaki daga watan Mayu zuwa Yuli, kuma sau da yawa kuɗin da manomi ke samu a ulun ba ya biyan ladan mai aski, don haka masu ƙananan garke kan sayar da arha, wani ma ya ce ki ɗauka kyauta. Ostareliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu da Lesoto duk ƙasashen ulu ne. A kasuwannin Maroko da Aljeriya ana samu, sai dai galibi na darduma ne da cusa katifa.

Wadda ke Kano ko Maradi kuwa, in za ki yi saƙo, ki ce a kawo miki wankakke. Ƙasashe da yawa suna da tsauraran dokoki a kan shiga da ulun da ba a wanke ba saboda cututtukan dabbobi (duba tambaya ta 6). Ban da haka, wani ulun rabin nauyinsa maiƙo ne da ƙasa, ba dalili ki biya wa datti kuɗin jirgi.

4. Ulun wace irin tunkiya ya dace da mai koyo?

Ana auna kaurin silin ulu da maikiron, wato kashi 1 cikin 1,000 na milimita. Merino, wadda asalinta daga Sifen ne, yawanci nata bai kai maikiron 24 ba, shi ya sa yake da laushi kamar fatar jariri. Da zarar sili ya haura 30, fatar mutane da yawa takan fara jin ƙaiƙayi. Kowa Merino yake so da farko, ni kuma ita nake hana mai koyo. Maiƙonta ya yi yawa, silinta gajere ne mai santsi, kuma ko harararta kika yi a ruwan wanki sai ta cure.

Ki fara da Corriedale, wadda aka samar a Niyu Zilan ta hanyar haɗa Merino da Lincoln. Kaurinta tsaka-tsaki ne, wajen 25 zuwa 31, tsawon sili kuma wajen santimita 10. Romney ta fi ta tsawo da ƙarancin maiƙo, ta ɗan fi ta kaushi, tana yafe kuskure. Shetland ƙaramar tunkiya ce, askinta duka kilo 1 zuwa 2 ne, kuma tana zuwa da launuka na halitta, fari da toka-toka da ruwan ƙasa da baƙi, ba sai kin yi rini ba.

5. Yaya zan gane mai kyau kafin in biya kuɗi?

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kada ki yarda a miƙo miki buhu a ɗaure. Ki sa a baje askin a ƙasa, ki zaro curi ɗaya mai kaurin yatsa daga wajen kafaɗa, ki kama bakinsa biyu, ki kai kusa da kunne ki fizga. Mai lafiya zai yi ƙara kamar tsirkiyar garaya. In kika ji ƙaras-ƙaras, ko ya rabu a tsakiya, tunkiyar ta yi ciwo ko yunwa a cikin shekarar, ulun ya yi rauni a daidai wurin da ya tsiro a lokacin. Irin wannan a wajen sharcewa zai kakkarye ya zama ƙulalai. Ki gwada wuri 3 ko 4.

Sai ki juya cikin askin, ɓangaren da ke manne da fata. In kika ga guntaye birjik, mai askin ya maimaita almakashi a wuri ɗaya, su ma ƙulalai za su zama. Ki duba ko curin yana rabuwa cikin sauƙi. Wanda ya riga ya cure a jikin dabbar ba shi da magani. Ki duba ciyawa da ƙaya. Duk wadda ta taɓa cire ƙarangiya daga zanen makaranta ta san abin da nake nufi, kuma wanki ba ya fitar da ita, sai dai tsinta da hannu ɗaya bayan ɗaya. Ƙasa da maiƙo kada su tsorata ki, ruwa zai tafi da su.

Na taɓa karɓar buhu biyu kyauta a wata gona, ina ta godiya har da rusunawa. Da na zo gida na zazzage, ashe an shimfiɗa wa tumakin hakin alkama ne duk damina da hunturu. Mako biyu ina tsinta, ƙarshe na zuba shi a gindin tumatir. Araha ba ta ado.

6. Akwai hatsari ga lafiya a taɓa ɗanyen ulu?

Akwai, kodayake ba mai yawa ba ne in dabbar lafiyayya ce. Ɗanyen ulu yana ɗauke da kashi da fitsari da kaska, wani lokaci har da ragowar maganin feshi. Ki sa safar hannu ta roba, ki yi aikin a tsakar gida, ban da kicin, ki wanke hannu da sabulu bayan kin gama. Mai juna biyu kada ta taɓa wanda ba a wanke ba, musamman na lokacin haihuwar tumaki, domin akwai cututtukansu da ke jawo ɓari.

Babbar wadda ake tsoro ita ce antiras, cutar dabbobi da ke kama mutum. A ƙarni na 19 ta kashe masu tantance ulu a masana'antun garin Bradford na Ingila har aka riƙa kiranta cutar masu zaɓen ulu, kuma a watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja. Ƙwayarta tana shekaru ba ta mutu ba, wankin gida kuma ba ya kashe ta. Don haka gashi ko fatar dabbar da ta faɗi ta mutu haka kawai, ko kyauta ne, a bar shi.

7. Yaya ake wanke shi?

Kafin ruwa, ki baje askin ki zagaye gefensa ki yage duk abin da ya yi kashi, da na ciki, da na ƙafafu da gindin wutsiya. Kada ki ji tausayi. Mafi kyawun ulu yana kafaɗa da haƙarƙari. Ki girgiza guntayen su zube. Sannan ki jiƙa shi a ruwan sanyi ya kwana. Da safe za ki ga ruwan ya koma kamar shayi, wannan gumin tunkiya ne da ƙasa, su ba sa buƙatar sabulu.

Maiƙon, wanda ake kira lanolin, shi ne mai taurin kai. Yana narkewa a wajen digiri 40, amma don ya fita sosai ana son ruwa mai zafin digiri 60. In ba ki da ma'aunin zafi, a ƙasarmu tafasasshen ruwa kwano ɗaya da ruwan randa kwano ɗaya suna ba da kusan haka. Ki cika baho tukuna, ki zuba sabulun ruwa na wanke-wanke har ruwan ya yi santsi a yatsa, ki gauraya a hankali kada ya yi kumfa. Ki sa ulu kamar giram 200 zuwa 300 a buhun albasa mai raga ko kwandon roba, ki nutsa shi da muciya sau ɗaya, ki rufe bahon, ki tafi ki bar shi minti 15 zuwa 20. Ba cuɗawa, ba murzawa, ba juyawa. Ki ɗago shi tun ruwan da zafinsa, domin in ya huce maiƙon komawa yake ya manne, kuma fitar da shi karo na biyu ya fi na farko wuya. Ki maimaita sau 2, Merino sau 3, sannan ɗauraya sau 2 da ruwa mai irin wannan zafin. A ɗaurayar ƙarshe ki ɗiga ruwan khal cokali 1.

Ki matse shi a cikin tsohon tawul ta hanyar dannawa, ki shanya a inuwa a kan raga inda iska ke ratsawa sama da ƙasa. Ruwan wankin kada ki zuba a bututu, maiƙon zai daskare ya toshe shi. Abubuwan da ba a kusantar ulu da su: kanwa, ruwan toka, sabulun soda, sabulun salo, da ruwan bilic. Auduga tana jure su, ulu kuwa cinye shi suke yi ya bushe ya yi ƙaras. Garin sabulun wanki ma da yawansa akwai sinadarin cin tabon jini da nama, ulu kuma dangin gashi ne, shi ma ci zai yi. In ruwan rijiyarku mai zartsi ne, ki tari ruwan sama.

8. Na wanke ya dunƙule ya zama kamar tabarma. Me ya faru, kuma zai gyaru?

Ba zai gyaru ba, sai haƙuri. Kowane silin ulu yana da ƙananan ɓawo a jere kamar na kifi. Zafi da sabulu suna buɗe su, motsi kuma ya sa su sarƙe da juna, in sun sarƙe ba sa sakin juna har abada. Da gangan ake yin haka a samu irin yadin da ake hular dara da shi. Ɗaya daga cikin uku kika yi: kin cuɗa, ko kin sakar masa ruwa daga famfo ko buta a kai, ko kin fitar da shi daga ruwan zafi kin tsoma a na sanyi. Hannun da ya saba wankin atamfa shi ne babban abokin gabar ulu. Ki koma tambaya ta 7, ki gwada da ɗan kaɗan. Wanda ya cure kuma ki yanka ki yi abin ɗora tukunya.

9. Bakan shiɓa zai yi aiki a ulu kamar yadda yake yi a auduga?

Yana buɗe gajeren ulu, amma dogon sili naɗewa yake a tsirkiya. Sharcewa ta fi. Abin da ake amfani da shi wasu allunan katako ne guda biyu masu mariƙi, fuskarsu cike da ƙananan haƙoran waya. Ana shafa ulu kaɗan a ɗaya, a riƙa shafa ɗayan a kansa sama-sama, ba tare da haƙoran sun cije juna ba, har silin ya baje kamar gajimare. Sai a naɗe shi ya zama sutu mai kaurin rake. Zaren da aka kaɗa daga irin wannan sutu yana riƙe iska a cikinsa, ba nauyi, ga ɗumi, shi ne na hula da rigar sanyi.

In ba ki da allunan, burushin waya na sharce karnuka da kyanwa guda biyu yana yi, sutun ne kawai zai yi ƙanana. Hanya mafi arha kuma ita ce mataji mai manyan haƙora: ki riƙe curi ɗaya a tsakiya, ki sharce bakinsa, ki juya ki sharce ɗaya bakin. Silin zai kwanta a jere, zaren ya fito sumul mai ƙarfi, irin na safa. Da hunturu ulu yakan yi ta tashi yana manne wa hannu saboda bushewar iska. Ki fesa masa ruwa kaɗan da ɗigon man zaitun, ki bar shi ya kwana a leda.

10. Mazarin kakata yana nan. Zai yi, ko sai na sayi wani?

Zai yi siririn zare, irin arafiya, amma ba zai yi na saƙar rigar sanyi da daɗi ba. Silin auduga bai fi santimita 2 zuwa 3 ba, ba ya ɗaukar nauyi kafin ya murɗu, shi ya sa mazarinmu yake siriri, gululunsa ƙarami, kuma ake kafa gindinsa a cikin taskira ko a ƙasa. Silin ulu ya ninka wannan sau 3 ko 4, yana iya ɗaukar mazari a rataye yana lilo a iska, nauyin ma taimakon ki yake yi.

Ki je wurin kafinta ya yi miki: sanda mai tsawon santimita 30 da kaurin fensir, faifan katako mai faɗin santimita 7 a huda tsakiyarsa daidai, a zura shi kusa da kan sandar, a ɗaura ƙaramar ƙugiya a saman. A ɗan tsaga gefen faifan inda zare zai kwanta. Duka ya zama giram 30 zuwa 50. Abin da za ki tsaya a kansa shi ne hudar ta zama a tsakiya cif, in ta kauce mazarin zai yi ta rawa kamar ɗan maye. Tsofaffin faifan CD guda biyu a manne ma suna yi. Alli kuma ki ajiye shi, ulu ba ya buƙata.

11. Yaya ake fara kaɗin kansa?

Ki ɗaura tsohon zare mai tsawon kamu 2 a ƙarƙashin faifan, ki hawo da shi ta tsagar, ki rataya a ƙugiya. Ki baza bakin sutu ki ɗora a kan bakin zaren. Ki murza mazarin ya juya ta hannun dama, yadda agogo ke tafiya, har zaren ya cika da murɗi. Sai ki tsayar da shi ki matse tsakanin gwiwoyinki. Yanzu hannayenki biyu suna sake: na gaba ya tsuke inda murɗi ya tsaya, na baya ya riƙe sutu sako-sako kamar kin riƙe ɗan tsako. Ki ja sili kaɗan, ki zame yatsunki baya, ki ga murɗin ya hau ya mai da shi zare. In murɗin ya ƙare ki sake murza mazari. In zaren ya kai tsawon hannu ki naɗe a sanda.

Ki yi ta haka, juyawa daban ja daban, kwana 3 ko mako guda. Wata rana za ki lura kin manta ba ki matse mazarin a gwiwa ba, yana ta juyawa a iska kina ja. Dokar da ba a karyawa ita ce kada ki sauya hannun juyawa a tsakiyar aiki, in ba haka ba kin zama mai tufka da warwara a zahiri.

12. Zaren yana ta tsinkewa, wani wurin kuma ya yi kumburi. Ina kuskuren?

Ki duba yadda ya rabu. In salala ya zame, bakinsa buzu-buzu, murɗi ne bai isa ba. In ɗas ya tsinke a wuri siriri, murɗi ya yi yawa, domin murɗi kullum wurin da ya fi siriri yake gudu ya taru. In kuma kina ja ya ƙi jawuwa, ko murɗi ya tsallake yatsunki ya shiga cikin sutu, ko hannayenki sun yi kusa da juna har kina jan bakin sili ɗaya ta gaba da baya. Masu auduga sun fi faɗawa wannan, sun saba da tazarar yatsa biyu. Ki zaro sili ɗaya ki ga tsawonsa, ki buɗe hannayenki fiye da haka kaɗan. In ulun yana danƙo, maiƙo ne bai fita ba, a koma wanki.

Kumburin farko kuwa kada ya dame ki. Zarena na farko wani wurin abawa, wani wurin arafiya, wani wurin igiyar guga. Na saƙa hula da shi, har yau ita nake sawa in za ni fitar da shara da asuba.

13. Dole ne sai an tufka?

Don saƙa da tsinke, kusan dole ne. Zare tilo yana da murɗi ta gefe ɗaya, abin da aka saƙa da shi sai ya karkace, ɗinkin gefen riga ya dawo gaban ciki. Ki kaɗa dunƙule biyu, ki sa kowanne a cikin kwanonsa don kada su yi ta birgima, ki haɗa bakinsu a mazari, ki juya ta hagu, kishiyar yadda kika kaɗa. Murɗin biyu sai su kashe juna, zaren ya kwanta, ya ƙara ƙarfi, siririn wuri ya samu mai kauri ya rufa masa asiri. Don ki san yawan tufkar da ta dace, tun kina kaɗi ki saki kamu ɗaya na sabon zare ya naɗe kansa, ki yanke ki ajiye a gabanki ki riƙa kwatantawa. Safa ta fi son zare 3.

Masu kwarashi da hannun dama sukan ga zaren da aka tufka ta hagu yana warwarewa yana tsagewa a ƙugiya. In kwarashi za ki yi, ki juya lissafin: kaɗi ta hagu, tufka ta dama.

14. Na gama tufka. Zan fara saƙa ke nan?

Saura wanka. Ki naɗe zaren a bayan kujera ya zama babban zobe, ki ɗaure shi sako-sako a wuri 4, ki jiƙa a ruwa mai ɗumi minti 20, ki matse a tawul, ki sa hannayenki a ciki ki fizga sau 3 ko 4, ki rataya a inuwa ba tare da kin ɗaura masa nauyi ba. A nan zaren yake buɗewa ya nuna ainihin kaurinsa, yakan kuma ɗan rage tsawo. In ya bushe ya rataya a miƙe, tufka ta yi daidai.

Don sanin tsinken da zai dace, ki naɗa zaren a jikin rula ba ja ba matsi, ki ƙirga zagaye nawa ya cika inci 1. Zagaye 11 zuwa 13 matsakaici ne, tsinke mai milimita 4 zai yi masa. Ƙasa da 9 mai kauri ne, sama da 16 na safa ne. Ki saƙa ɗan gwaji mai faɗin tafin hannu ki wanke kafin ki ɗora riga.

15. Ulu nawa zai ishe ni, kuma zai ɗau lokaci nawa?

Hular babba giram 100 na gamammen zare ta ishe ta, safa ƙafa biyu ma haka. Rigar sanyi ta babba tana cin giram 500 zuwa 800. Ki tuna lissafin asara: abin da kika yage a gefe, da maiƙon da ruwa ya tafi da shi, da guntayen da suka zube a sharcewa. Ni in na sayi ɗanye, rabi nake sa rai, in na samu fiye in gode Allah. Kilo 2 ɗanye ya isa riga da ragowa. Lokaci kuwa, zaren hula ɗaya a mazari yana cin mini yammaci 4 zuwa 5, ban da wanki da shanya. Wadda ke son rigar hunturu ta fara tun damina.

16. Zan iya rina shi da kayan rininmu na gida?

Ulu ya fi auduga shan rini. Ki fara jiƙa zaren a ruwan alam, wanda ake sa wa ruwa ya kwanta, giram 10 ga kowane giram 100 na zare, ki ɗora a wuta ya yi zafi a hankali na awa 1 ba tare da ya tafasa ba, ya huce a ciki. Bayan nan ɓawon albasa zai ba ki ruwan ɗorawa mai haske, karan dafi ya ba ki ja, lalle ya ba ki ruwan ƙasa. Kurkur yana da kyau ranar farko, amma rana tana kashe shi da wuri. Kalar abinci da ruwan khal ma tana kama ulu, abin da ba ta yi a auduga.

Shuni ne ke son lura. Ruwan karofi irin na Ƙofar Mata da toka ake haɗa shi, an kuma yi shi ne don auduga, ga abin da na faɗa game da toka a tambaya ta 7. In za ki kai marina, ki ce a tsoma na ɗan lokaci sau da yawa maimakon a bar shi ya daɗe, kada a buga kada a murɗe, ki dawo gida ki ɗauraye da ruwan khal. Ki fara gwadawa da ɗan zobe ɗaya.

17. Yaushe ya kamata in sayi keken kaɗi?

Sai kin kaɗa kilo guda a mazari kin ga har yanzu kina so. Keke yana da sauri, amma jan sili da hannu iri ɗaya ne a keke da mazari, wadda ba ta iya ja ba keke zai riƙa fizge mata ulu ne kawai. Sanannun masu ƙera shi su ne Ashford a Niyu Zilan, Louët a Holan, Kromski a Folan da Schacht a Amurka. A Turai ana samun wanda aka riga aka yi amfani da shi da sauƙi. Ki tabbatar an taka shi a gabanki ya ja zare kafin ki biya, domin da yawa daga cikin tsofaffin na ado ne kawai.

18. Yaya zan adana shi kada asu ya ci?

Asu ya fi son ulu mai datti da wurin duhu da ba a taɓawa, don haka kada ki ajiye ɗanye ya shekara, ki wanke tukuna. Ya bushe ƙayau, sannan ki sa a tsohuwar rigar filo ki ɗaure baki, ki saka a bokiti mai murfi, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da danshin damina. Ganyen darbejiya busasshe da kafur suna korar uwar, amma ba na dogara da su a kan ƙwan da aka riga aka saka.

In kika buɗe kika ga wani abu kamar yashi a gindin jakar, ko 'yar saƙa kamar ta gizo, ko zare yana tsinkewa da kansa, sun shiga. A Turai firiza ake sawa na mako guda, a fitar kwana 2, a mayar. A gida, inda wuta ba ta da tabbas, rana ta fi: zafin da ya wuce digiri 50 yana kashe su har ƙwan. Ki zuba ulun a baƙar leda kada ki cika ta, ki ɗaure, ki ɗora a kan rufin kwano ko cikin mota a rufe da tsakar ranar bazara, daga hantsi zuwa la'asar, ki juya ledar sau ɗaya da azahar. Ki maimaita washegari, ki kakkaɓe a waje, ki wanke bokitin da ruwan zafi kafin ki mayar.